Rediyo da lasifika: a kashe su ko a bar su a kunne?

A garuruwa da yawa na karkara, yanzu akwai lasifika a masallaci. Jama'ar gari ne kan tara kuɗinta bayan kaka. Wani ya ba da damin hatsi, wani ya sayar da akuya, ƴan cin rani su aiko da tasu gudummuwa. Sai a sayo lasifika da akwatin da ke ƙara mata murya, wanda ake ce ma ampili. A sayo babban batir da faranti mai zuƙar hasken rana, wato pano. Kaya ne na kowa da kowa. In sun lalace, ba a sake tara kuɗinsu sai wata kaka.

Daga ranar da aka kafa kayan, sai gardama ta tashi. Ladan kan ce ma yaron da ke kula da batir: "Ɗana, bar akwatin nan a kunne. Yawan kunnawa da kashewa shi ke lalata inji." Yaron kuma ya ce: "Baba, in ya kwana a kunne, batir ba ya kai asuba." Irin wannan gardama ana yin ta a gida a kan rediyo. Ana yin ta a wurin masu sa kiɗa a biki. Kowane yana da hujjarsa, amma ɗaya ya fi gaskiya.

Inda maganar ladan ta samo asali

Ladan bai ƙaga maganarsa ba. Lokacin da gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, akwatunan rediyo da yawa manya ne, masu ƴan kwalabe a ciki kamar ƙwan lantarki. In an kunna su, ba sa magana nan da nan, sai kwalaben sun yi zafi tukuna. A cikin kowace kwalba akwai siririn zaren ƙarfe. In zaren yana da sanyi, wuta takan shige shi da ƙarfi lokacin kunnawa. Shi ya sa ƙwan lantarki irin na da ya fi mutuwa daidai lokacin da aka kunna shi. Don haka masu gyara na wancan zamani suka riƙa yin gargaɗi kada a yi ta kunnawa ana kashewa.

Har yanzu a Turai da Amurka da Japan akwai masu sayen akwatunan kiɗa masu tsada. Waɗansunsu suna barin su a kunne dare da rana. Sun ce muryar akwati ta fi daɗi in ya ɗumama. To, amma gidajensu da sanyi, kuma ba a cika ɗauke musu wuta ba. Ko a can ma hukuma ta ga ana ɓarna. A 2010 ƙasashen Tarayyar Turai suka sa doka: sabon akwati in ba ya aiki, kada ya ci wuta fiye da wat 1. A 2013 aka rage zuwa rabin wat. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin cin wuta.

Zamanin kwalabe kuwa ya wuce. A 1947 aka ƙago wani ɗan ƙaramin abu a Amurka, mai suna taransisto. Yana yin aikin kwalba, amma babu zare a cikinsa. A 1954 aka fara sayar da ƙaramin rediyo mai taransisto. Irinsa ne ya bazu a ƙauyuka da rugage, don yana aiki da pil kuma ana rataya shi a kafaɗa. Rediyo da ampili da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa yanzu, kusan duka masu taransisto ne. Kunna su sau 5 a rana ba ya cutar da su. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Abokin gaba na farko: zafi

Kowane akwati in yana kunne, cikinsa yana yin zafi, ko da ba ya magana. Wanda ya ɗora hannu a kan ampili zai ji. A cikinsa akwai ƴan gwangwanaye ƙanana masu ajiye wuta. Masu gyara suna ce musu kondansatar. Akwai ɗan ruwa a cikinsu, kuma zafi yana busar da shi sannu a hankali. In ya bushe, sai murya ta fara ƙugi, daga baya akwatin ya yi shiru.

Masu ƙera waɗannan gwangwanaye suna da lissafi. In zafi ya ƙaru da digiri 10, kwanansu ya ragu da rabi. A bazara, cikin Afirilu da Mayu, zafin Yamai da Tawa yakan wuce digiri 40. A ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Akwatin da ya wuni a kunne a irin wannan ɗaki yana fama da zafi biyu: na rana da na cikinsa. Jakin da ya kwana da kaya a baya ba ya daɗewa yana aiki.

Abokin gaba na biyu: wuta mai zuwa da ƙarfi

Wannan ya shafi garuruwan da wayar lantarki ta kai. Wutar gida a Nijar ƙarfinta bolt 220 ne. Da yawa daga cikinta daga nesa take zuwa. Tun 1976 wutar madatsar ruwan Kainji ta Najeriya take isa Yamai ta Birnin Kabi. Ta Maraɗi da Damagaram tana biyowa ta Katsina da Gazawa. Doguwar waya ba ta rasa matsala: iska, hadari, ko yawan masu jan wuta. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ma wutar Najeriya ta tsaya, birane suka sha ɗaukewar wuta.

Ɗaukewar wuta ba ita ke kashe akwati ba. Dawowarta ce abin tsoro. Wani lokaci takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima na ɗan lokaci kaɗan. Akwatin da aka bari a kunne shi ne ke karɓar bugun. Haka injin ba da wuta na masu biki: lokacin tashinsa da lokacin da mansa ke ƙarewa, wutarsa ba ta daidaita.

Da damana kuma ga tsawa. In ta faɗi kusa da waya ko eriya, takan bi ta cikinsu har cikin ɗaki. A nan kashe akwati kaɗai bai isa ba. Sai an zare igiyar wuta daga bango, an cire wayar eriya. Ana yin haka tun hadari yana haɗuwa, ba bayan an fara walƙiya ba.

Abokin gaba na uku: ɗigar batir

Wannan shi ne ya fi damun mai pano. Batir kamar tulu yake. Rana tana cika shi, dare yana rage shi. Akwatin da ke kunne ba ya magana kamar ƙaramar huda ce a gindin tulu.

Ga lissafi. A ce ampili yana cin wat 10 in yana zaune shiru. A cikin awa 24 ya sha awon wuta 240. Ƙwan fitila na zamani mai wat 5, in ya yi awa 4 yana haske, awo 20 kaɗai yake sha. Ashe abin da ampili ya sha a banza kwana ɗaya zai haska ɗaki dare 12.

Babban batir mai bolt 12, wanda aka rubuta ma 100 a jiki, yana ɗaukar awo wajen 1200. Amma irin batir mai dalma a ciki ba a son a sha fiye da rabinsa. In ana ƙarar da shi ƙaf kullum, ba ya daɗewa. Ke nan awo 600 ne na amfani, ampili kuwa ya kwashe 240 ba tare da ya ce uffan ba. Ranar da hazo ko gajimare ya rufe rana, pano ba ya cika batir. Da asuba ladan zai ɗauki makirfo, ya tarar babu murya.

Rediyo mai pil ma haka ne. Wanda barci ya kwashe shi rediyo yana kunne, ya yi asarar kuɗin pil. In za a ajiye rediyo da daɗewa, kamar lokacin tafiya cin rani ko mashekari, a cire pil. In ya tsufa a ciki yakan zubar da ruwa mai cin ƙarfe.

Abin da ya kamata a yi

In an gama aiki da akwati, a kashe shi. In za a koma gare shi bayan ƴan mintoci, babu laifi a bar shi.

Kafin a kunna ko a kashe, a rage murya har ƙasa.

Wajen kunnawa, a fara da rediyo ko makirfo, ampili ya zo ƙarshe. Wajen kashewa, a fara da ampili. Haka ake kare lasifika daga bugun nan mai ƙara da ke yaga ta.

In an ɗauke wuta, a kashe kome. In ta dawo, a jira ƴan mintoci a ga ta zauna.

Kada a rufe akwati da zane yana kunne, don yana bukatar iska. In ya huce, a rufe shi saboda ƙurar hunturu. Kada a ajiye shi inda rana ke bugunsa.

Ladan ma yana da tasa gaskiya a wuri biyu. Kunnawa da kashewa a jere, kamar yadda yara ke wasa da maɓalli, yana cutar da kowane inji. Kuma akwatin da ya yi wata da watanni a ajiye bai ga wuta ba, shi ma yakan lalace. Yana da kyau a kunna shi wajen rabin awa sau ɗaya a wata.

Amma a kan kwana a kunne, yaron mai kula da batir ne ya fi gaskiya. A kunna ampili lokacin kiran salla, a kashe shi in an sallame. Gari ya zaɓi mutum ɗaya ya riƙe wannan aiki, ya koya ma wani saboda ranar da ba ya nan. Rigakafi ya fi magani, kuma mai gyara yana nesa, sai ranar kasuwa.