Hoton Maganaɗisu da Nazarin Gudanar Jini a Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

A al'adance, idan mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya shanye, Bahaushe kan danganta abin da taɓawar iska. Binciken likitanci kuwa ya tabbatar da cewa jini ne ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda toshewar jijiya ko fashewarta. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Don haka yankewar jini na 'yan mintuna kan yi mata mummunar illa.

2.0 Na'urar Hoton Maganaɗisu

Wannan na'ura, wadda aka fi sani da MRI, tana amfani da ƙaƙƙarfan maganaɗisu da igiyoyin rediyo wajen girgiza ƙwayoyin ruwan da ke jikin mutum. Amon da suka mayar shi kwamfuta ke juyawa ya zama hoto, ba tare da an tsaga fata ba. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun sami kyautar Nobel a shekarar 2003 saboda share fagen wannan fasaha.

3.0 Hanyoyin Nazarin Jini

Daga cikin hanyoyin da masana ke bi akwai waɗannan:

(a) Hoton motsin ruwa: inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka fara mutuwa, ruwa kan kasa yawo a tsakaninsu, sai wurin ya yi haske a hoto cikin 'yan mintuna.

(b) Hoton allura: akan zuba sinadarin gadoliniyam a jijiya, a bi sawunsa don a ga inda jini ke isa da inda yake jinkiri.

(c) Yi wa jini shaida: a wannan hanya da ta ɓullo a 1992, na'ura kan yi wa jinin jijiyoyin wuya alama da maganaɗisu, sannan ta auna yawan wanda ya isa ƙwaƙwalwa. Ba ta buƙatar allura, shi ya sa ta dace da yara.

Fa'idar haɗa hanya ta farko da ɗaya daga cikin sauran biyun za ta fito fili idan aka dubi noman rani. Idan magudanar ruwa ta toshe, shukar da ta daɗe ba ruwa kan bushe ƙurmus, ta kewayenta kuwa yaushi take yi, kuma za ta farfaɗo idan an buɗe ruwa da wuri. Haka hotunan ke bambance wa likita sashen da ya mutu da wanda ake iya cetowa.

4.0 Muhimmancinsa ga Al'umma

Hawan jini shi ne babban musabbabin shanyewar jiki ga manya, ciwon sikila kuwa ga yara. Yaro mai sikila kan sami tabo a ƙwaƙwalwa ba tare da jikinsa ya nuna wata alama ba, sai dai ƙoƙarinsa a makaranta ya ja baya, har a yi masa ɗaukar daƙiƙi. Hoton maganaɗisu ne ke fallasa irin wannan ɓoyayyen tabo.

Sai dai na'urar tana da tsada, kuma an fi samun ta a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsakanin Birnin Kudu da Kano kuwa akwai tafiyar fiye da kilomita 100, alhali allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Saboda haka mazaunin Yalwan Damai da ya ga alamun cutar, abin da ya kamace shi shi ne ya garzaya da majinyaci asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, maimakon ya tsaya jiƙe-jiƙe da turare.

5.0 Kammalawa

Hoton maganaɗisu ya nuna cewa shanyewar jiki cutar jini ce, kuma ba a lokaci guda take gama ɓarnarta ba. Gwargwadon saurin kai majinyaci asibiti, gwargwadon abin da za a ceto na ƙwaƙwalwarsa. Da ma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.