"Wane ya samu aiki, wance ta tafi Ingila": Labarin 'yan ajinku da ba ya zuwa guruf

Bayan sallar isha'i ne, ka kishingiɗa ka buɗe data, sai ka tarar da saƙonni sun taru a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku na jami'a. Wani ne ya saka hoton katin shaidarsa na sabon wurin aiki a Abuja. Nan da nan aka cika wuri da "Masha Allah" da "Allah ya sanya alheri" da "Oga a riƙa tunawa da mu fa". Kai ma ka rubuta taka addu'ar, har da hoton hannuwa biyu. Daga nan ka kife wayar a ƙirji ka zuba wa silin ido.

Ba hassada kake masa ba, na sani. Abin da ke cin ka shi ne benci ɗaya kuka zauna da shi shekara da shekaru, wataƙila ma kai ne ka riƙa yi masa bitar darasi a daren jarrabawa. Yau ga shi da kati a wuya, kai kuwa da safe sai ka tsaya lissafin kuɗin adaidaita kafin ka fita.

To kafin ka yanke wa kanka hukunci, shiga jerin mutanen guruf ɗin ka ƙirga. Mutum nawa ne a ciki, mutum nawa ne ke magana? Za ka ga 'yan tsiraru ne ke ta juya hirar. Wanda ya samu shi ke sanarwa. Babu wanda zai ɗauki hoton takardun neman aikin da ya aika aka yi shiru ya saka, ko ya rubuto cewa shekararsa biyu yana koyarwa a makarantar kuɗi ana ba shi abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Labarin da ke iso maka an tace shi, kai kuma kana auna rayuwarka gaba ɗaya da shi.

Sannan ka tuna da lokacin da kuka yi karatu. Idan kana cikin waɗanda suka shiga jami'ar gwamnati a 2017 ko 2018, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci maka daga Maris zuwa Disamba, ga kullen korona a kai. A 2022 aka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Digirin shekara huɗu ya koma na shida ga mutane da yawa. Ka fito ka tarar da tallan ɗaukar aiki, musamman na bankuna, ana cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Wanda ya haura 30 kafin ya kammala ma ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafiya ake ba shi. Kuna fitowa kuma aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000 a 2025, amma abin dariya da ban takaici shi ne akwai waɗanda ranar da suka cire kakin nan, ranar ce samunsu ya ragu.

Dattawa kan ba mu labarin 'yan Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, da yadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shehu Shagari da Murtala. Gaskiya ne, amma a zamaninsu aiki ne ke jiran mai takarda. A 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, jami'o'i biyar ne kacal a Najeriya. Yanzu sun haura 250, kowace tana yaye ɗalibai duk shekara.

Hoton ma da kake gani ba ya faɗin komai. Wadda ta saka hoto cikin rigar sanyi a Ingila, mai yiwuwa aikin kula da tsofaffi take yi, tana kwana a tsaye, kuma tun Maris na 2024 an hana sababbin masu zuwa irin wannan aikin tafiya da iyalansu. Mai katin Abuja ƙila da guminsa ya samu, kada ka zarge shi ba hujja. Amma ai kai ma ka san maganar sayen ofa ba ƙage ba ce, tunda a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna bincike a kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya. Wani sai da aka sayar da fili ko gona kafin sunansa ya fita, kuma ba zai rubuta wannan a ƙarƙashin hoto ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waɗanda ba a taya murna. Ɗan ajinku da ya koma shagon yayansa a Kantin Kwari, yau yana da nasa da yara uku a ƙarƙashinsa, ba wanda ya ce masa Masha Allah, don ba shi da kati. Haka mai gyaran waya a Farm Centre, da mai rumfar POS, da wanda ya koma gida ya kama noman rani. A guruf ana musu kallon "bai samu aiki ba tukuna", alhali wani lokacin su ne ke ranta wa mai albashi kuɗi idan wata ya yi nisa.

Ke kuma 'yar'uwa, naki ya fi nauyi. Ko digiri na biyu kika gama, ko kina sayar da turaren wuta da kayan kicin har kina biya wa ƙannenki kuɗin makaranta, tambayar ɗaya ce: "Yaushe za mu sha biki?" Idan kuma kin yi auren kika ajiye aiki, sai a koma cewa an yi asarar karatu.

Akwai wata al'ada a guruf-guruf ɗin nan da ya kamata a sake dubawa. Duk bikin da ya taso sai a yanka gudunmawa, a riƙa fitar da jerin sunayen waɗanda suka biya kullum da safe. Taron sada zumunci kuma sai an kama ɗakin taro, an fitar da anko. Niyyar mai kyau ce, amma wanda bai da shi kullum yana ganin babu sunansa a jerin, sai wata rana ka ga an rubuta wane ya fita. A cire jerin sunayen nan mana, mai ajiyar kuɗi kaɗai ya sani ya isa. Kuma wanda ya ji labarin gurbin aiki ko tallafin karatu ya saka shi tun ana karɓa, ba sai an rufe ya zo da hoton nasa ba.

A namu guruf ɗin, wani da ya fi mu duka ƙoƙari a aji ya fita shiru, aka yi wata da watanni ba wanda ya lura, har da ni. Da na kira shi, ashe mahaifinsu ne ya rasu, ɗawainiyar gida ta dawo kansa, yana koyarwa da safe yana riƙe wa wani littafin shago da yamma. Mun fi rabin awa muna hira, ban tambaye shi inda yake aiki ba, shi ya kawo zancen da kansa. Da za mu yi sallama ya ce in gaishe da 'yan aji, amma kada in mayar da shi guruf ɗin tukuna, sai bayan an gama karɓar kuɗin ankon bana.