Famfon Maganin Raɗaɗi: Gwajin Da Ake Yi Kafin A Dasa Shi A Jiki

Raɗaɗi ƙararrawa ce ta jiki. Shi ke sanar da mutum ya taka ƙaya ko ya taɓa wuta. Amma akwai raɗaɗin da ke zarce wata uku, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har ya zama cuta mai zaman kanta. Ana ganin irinsa ga masu ciwon dajin da ya kai ƙashi, da waɗanda aka yi wa tiyatar baya ba a dace ba, da masu lalacewar jijiyoyi. Irin waɗannan majinyata sukan kai matsayin da ƙwayoyin mofin da suke haɗiya ba sa kashe zogin sai an ƙara yawansu, in kuwa aka ƙara, sai barci da amai da taurin ciki da ruɗewa su hana su sakat. Dominsu ne aka ƙirƙiro wata ƙaramar na'ura da ake binnewa ƙarƙashin fatar ciki, tana ɗiga magani kai tsaye cikin ruwan da ya kewaye laka. Sai dai ba a cika dasa ta ba sai an yi gwaji tukuna.

Dalilin kai magani ga laka

Saƙon zafi ba ya tafiya daga inda ciwo yake zuwa ƙwaƙwalwa a miƙe. Yakan yada zango a laka, wato igiyar jijiyoyin nan da ke cikin ƙashin baya, daga nan a miƙa shi sama. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin jijiya suna da wasu gurabe na musamman da mofin ke maƙalewa, kamar makulli da ƙwado. A 1976 kuma Tony Yaksh da Thomas Rudy suka zuba ɗan mofin a kan lakar ɓeraye, sai zafi ya daina damunsu alhali idonsu biyu, suna kuma motsa ƙafafunsu. Wato ke nan ana iya tare saƙon a zango, ba sai an bugar da ƙwaƙwalwa ba. Shekara uku bayan haka, a 1979, likitocin asibitin Mayo suka jarraba wa masu ciwon daji, aka ga sauƙi na sa'o'i masu yawa daga allura guda. A 1981 aka ba da rahoton dasa famfo domin wannan aiki, a 1991 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da famfon SynchroMed na kamfanin Medtronic wajen ba da mofin ta wannan hanya.

Ribar tana cikin lissafi. Mofin ɗin da aka haɗiya sai ya ratsa hanji, hanta ta lalata kaso mai yawa, ragowar ya bazu cikin jini duka, ɗan kaɗan ne ke tsallake shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa da laka. Ruwan laka kuwa a jikin baligi bai wuce mililita 150 ba, abin da bai cika kofin shayi ba. Likitoci suna kimanta cewa miligiram 1 a cikin wannan ruwa yana aikin miligiram 300 da aka sha ta baki. Kimantawa ce kurum, ba a gina awon magani a kanta kai tsaye, amma ta isa ta nuna girman bambancin.

Famfon kansa kewayayye ne, girmansa kamar gwangwanin man goge takalmi, an ƙera shi da ƙarfen titaniyom. Yana da ma'ajiyar magani mai cin mililita 20 ko 40, da batir mai kaiwa shekara bakwai, da siririyar mesa da ake zagayowa da ita ƙarƙashin fata daga ciki zuwa baya. Likita na saita shi daga waje da wata 'yar kwamfuta, ana kuma sake cika shi da allura ta cikin fata, galibi bayan wata ɗaya zuwa uku. Duk wanda aka dasa wa shi ya ƙulla zumunci da asibiti ke nan na tsawon shekaru. Tiyata ce, ga tsada, ga haɗari. Shi ya sa ake so a san ko maganin zai karɓi mutum tun wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Yadda ake gwajin

Shiri yana farawa tun makonni kafin ranar. Ana ɗaukar hoton ƙashin baya a tabbatar akwai hanyar da mesa za ta bi. Ana duba ko akwai ƙurji ko wata cuta mai yaɗuwa a jiki, domin ƙwayar cuta in ta bi allura ta shiga ruwan laka, sanƙarau ne sakamakon. Mai shan maganin tsinka jini, irin su wafarin, yakan dakatar da shi bisa umarnin likita. Yawancin cibiyoyi sukan kuma haɗa majinyaci da masanin halayyar ɗan Adam. Wasu majinyata suna jin haushin wannan, suna ɗauka an ƙaryata ciwonsu ne. Ba haka ba ne. Baƙin ciki mai tsanani da ba a yi maganinsa ba, da dogaro ga ƙwaya, da tsammanin warkewa sarai, duk suna rage amfanin famfo. Wasu likitoci har sukan nemi a rage mofin na baki, ko a daina shi baki ɗaya, kafin gwaji, kuma ga mai ciwo wannan mataki yakan fi allurar kanta wuya.

Allurar ba baƙuwa ba ce. Ita ce ake yi wa mata da yawa lokacin fiɗar haihuwa, ta nan ne kuma ake ɗibar ruwan baya idan ana zargin sanƙarau. Majinyaci ya kwanta ta gefe ya duƙunƙune, ko ya yi rub da ciki, a kashe fatar wurin, a soka allura a ƙugu tsakanin ƙasusuwan baya biyu. An zaɓi ƙugu ne saboda a jikin baligi laka tana ƙarewa a wajajen ƙashin ƙugu na ɗaya ko na biyu; ƙasa da nan jakar ruwa ce da zaruruwan jijiya masu kaucewa allura.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko dai a zuba magani sau ɗaya, yawanci bai kai rabin miligiram na mofin ba, a zare allura a zuba ido. Ko kuma a bar siririyar mesa a ciki, a haɗa ta da famfo na waje, ya yi ta ɗigawa na kwanaki ana ƙara awo sannu a hankali. Ta farko ta fi sauƙi da araha, haɗarin shigar ƙwayar cuta kuma kaɗan ne. Ta biyu ta fi kama da yadda famfon gaske zai yi aiki, amma kowace rana da mesa ta ƙara a jiki ƙofa ce a buɗe. Bincike bai nuna ɗaya ta fi ɗaya iya hasashen abin da zai biyo baya ba.

Abin da ma'aikatan jinya suka fi sa wa ido shi ne numfashi. Mofin yana narkewa a ruwa, ba ya saurin shiga kitse, saboda haka yakan daɗe cikin ruwan laka yana hawa sama a hankali har ya isa gindin ƙwaƙwalwa, inda cibiyar sarrafa numfashi take. Mutum na iya yini lafiya yana hira, can cikin dare, sa'o'i shida zuwa goma sha biyu bayan allura, numfashinsa ya yi ƙasa. Domin haka ake kwantar da shi a ƙidaya numfashinsa har kwana guda, da maganin naloksan a kusa, wanda ke ture mofin daga gurabensa cikin mintuna. Sauran matsalolin ba su kai wannan ba amma sun fi yawa: ƙaiƙayi, musamman a fuska da hanci, da tashin zuciya, da tsayawar fitsari. Akwai kuma ciwon kai mai tsananta in an tashi zaune, ya lafa in an kwanta, wanda yoyon ruwa ta hudar allura ke jawowa. August Bier, likitan Jamus da ya fara kashe jiki ta laka a 1898, shi kansa ya sha kwanaki a kwance da wannan ciwon kai bayan an gwada allurar a bayansa.

Ba mofin kaɗai ake gwadawa ba. A 2004 aka amince da zikonotaid, wanda aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗi na teku. Ba ya danne numfashi, jiki kuma ba ya sabawa da shi, amma yana iya kawo jiri da ruɗewa da gane-gane.

Abin da gwajin ke iya faɗa

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne raɗaɗi ya ragu da rabi ko fiye, ba tare da illar da ta gagari haƙuri ba. Ana tambayar majinyaci ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, babu kuma na'urar da ke auna zogi. Amma maki kaɗai ba ya wadatarwa. Mutumin da ke kwance a gado, ana kula da shi, ga sa rai ya cika masa zuciya, zai iya jin sauƙi ko da ruwan gishiri aka zuba masa. Likita mai lura yakan sa shi ya tashi ya yi tafiya, ya zauna tsawon lokaci, ya sunkuya, wato ya yi ainihin abubuwan da ciwon ya hana shi, a kuma duba ko ya yi barci, ko ya rage neman ƙwaya.

Duk da haka gwajin kwana ɗaya ko biyar ba ya hango shekara biyar. Ba ya nuna ko jiki zai saba da maganin har a riƙa ƙara awo. Ba ya nuna ko wani ƙullutu zai tsiro a bakin mesa ya danne laka, abin da yawan ƙarfin mofin ke jawowa, ko sinadaran jinsi za su ragu, ko ƙafafu za su kumbura. Gwajin ya fi ƙarfi wajen tace wanda famfo ba zai amfana ba, a kan tabbatar da wanda zai amfana.

Ga masu ciwon daji da ya yi nisa lissafin daban ne. A binciken da Thomas Smith da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 kan majinyata 202, raɗaɗi ya ragu da kashi 52 cikin ɗari ga waɗanda aka ware domin famfo, da kashi 39 ga masu magani na yau da kullum. Illolin magani kuwa sun ragu da kashi 50 a rukunin farko, da 17 a na biyu. Saboda irin wannan shaida, da kuma ƙarancin lokacin da ya rage wa majinyaci, ƙwararru da yawa sukan tsallake gwajin ga waɗannan, su dasa famfon kai tsaye.