Wa Zai Mayar wa Mutanen Kajuru Rufin Ɗakunansu?

Tun daga rikicin Kasuwan Magani na watan Oktoban 2018, da hare-haren da suka biyo baya a farkon 2019 a ƙauyuka irin su Unguwar Barde, Karamai da Dogon Noma, dubban mutanen Ƙaramar Hukumar Kajuru suka bar gidajensu, Adara da Fulani da Hausawa. Wasu sun koma, wasu har yau suna raɓe a gidajen 'yan'uwa a Kufana, Mararrabar Kajuru ko Sabon Tasha, ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu. Idan abu ya faru, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya sukan kai shinkafa da tabarmi da barguna. An gode, amma buhu yana ƙarewa, maganar muhalli kuwa tana nan inda take.

A duba gidan ƙasa da aka cinna wa wuta. Sau da yawa rufi da ƙofa da rumbu ne suke ƙonewa, bango yana nan tsaye. Idan mai gida ya samu kwano da katako da ƙusa kafin ruwa ya sauka, shi da maƙwabtansa za su rufe ɗakin cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa damina biyu ta wuce a kan bangon da ba rufi, sai ya jiƙe ya zube, a koma haƙa tushe. Jinkirin nan shi ne yake mayar da mai gida ɗan raɓe, kuma kuɗin da zai hana hakan bai taka kara ya karya ba.

A nan ne ya kamata ƙaramar hukuma ta haɗa hannu da ƙungiyoyin sa-kai, domin kowa da abin da yake riƙe da shi. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar fili na gargajiya a karkara. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Su kuwa coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin ci gaban al'umma, su ne suka san wacece gwauruwar da ɗakinta ya ƙone, wanene kuma ya shigo layi don ya ji ana rabo.

Jihar Kaduna ta riga ta gwada irin wannan haɗin gwiwa. Gwamnatin Uba Sani da ƙungiyar agaji ta Qatar Charity sun gina gidaje a Millennium City, aka miƙa makullai ga iyalan da 'yan bindiga suka ɗaiɗaita. Aiki ne mai kyau. Sai dai manomin ƙauyen Maro na Kajuru gonarsa tana Maro, gida a gefen birnin Kaduna ba zai noma masa masara da citta ba. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne a gyara masa inda yake, a kuma tabbatar zai kwana a can da ido biyu rufe, don ba wanda zai kafa kwano a ƙauyen da ake tsoron kwana.

Haɗin gwiwar ba ya yin ƙarko sai da rubutacciyar yarjejeniya: nawa hukuma ta ba da, ɗakuna nawa ƙungiya za ta rufe, zuwa wane wata. A riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, sai an ga aikin baya. Sunayen masu amfana a karanta su a bainar jama'a, gaban mai unguwa da fasto da liman, domin a wuri kamar Kajuru rabon da ya karkata ɓangare ɗaya yana iya tayar da wata fitinar. Kada kuma a manta da masu masauki, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna ciyar da baƙi daga rumbunsu ba wanda ya taɓa rubuta sunansu.

Jama'ar Kajuru, duk ranar da kansilanku ya zo taro, ku tambaye shi nawa aka ware wa gyaran gidajen 'yan gudun hijira a kasafin kuɗin bana, da kuma ƙungiyar da aka damƙa wa aikin.