Inda Ake Juye Kaset ɗin Biki a Gadarif

Gadarif garin dawa da riɗi ne a gabashin Sudan, kan hanyar Gallabat, bakin iyakar Habasha. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu jikokin mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, wasu kuma kakanninsu sun yo gabas bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Baƙar laka mai albarka ta zaunar da su, balle da noman tarakta ya kankama a shekarun 1940.

A wani shagon hoto da ke cikin gari, bayan kanta, akwai tsohuwar na'urar bidiyo da aka haɗa da kwamfuta. Aikinta juye kaset ɗin biki da na suna da na tarbar alhazai zuwa filasha. Kafin mai shagon ya karɓi kaset, sai ya ɗaga murfin gaba ya haska da fitilar waya. In ya ga fari-fari a gefen zaren kamar an barbaɗa gari, fumfuna ce, kuma laifin damina ne: kaset ya yi shekara talatin a akwatin ƙarfe cikin ɗakin ciyawa, ya sha laima, ya sha zafin bazara. Irin wannan ba ya shiga na'ura sai an kwance shi an goge a hankali, don kan na'urar in ya lalace shi ke nan. Kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera ta, ya daina tun 2016, saboda haka matacciya ake farkewa a gyara mai rai.

Aikin ba ya son gaggawa. Kaset mai awa uku, awa uku zai ci, in kuwa wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa sai an koma farko.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa mutane sun farga. Waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Wad Madani a Disambar shekarar, waya suka ɗauko da 'yan tufafi. Wa zai tsaya ɗaukar kaset? Mutanen Gadarif da suka sauke su sun ji abin da aka baro, sai kowa ya tuna da nasa akwatin.

Rigimar da ake yi a shagon kullum ɗaya ce. Samari so suke a yanke, a bar rawa da shigowar amarya, a ɗora waƙa, yadda zai shiga WhatsApp. Wata dattijuwa kuwa cewa ta yi, "Ɗana, kada ka taɓa min komai, har inda mai kyamara ya manta bai kashe ba." Ni dai bayanta nake. A wuraren nan da ake kira ɓata lokaci ne za ka ji tsofaffi na gefe suna hira, Hausa na gauraya da Larabci, ana ambaton garuruwan asali da jikoki ba su taɓa takawa ba. Waƙar da aka ɗora ita za ta binne wannan.

Da hoto ya fito, yana rawa daga ƙasa, launin ya koɗe, dattijuwar ta matso da kujera ta ce wa jikarta ta ɗauko biro. Duk fuskar da ta gifta sai ta faɗi suna da dangantaka, yarinyar tana rubutawa. Mai shagon ya yi musu kwafi biyu, ɗaya na gida, ɗaya na ɗan'uwa da ke Jidda, ya kuma ce su koma da kaset ɗin su adana, don filasha ma mutuwa take.