Matashi Mai Magana da Yawun Masu Nono a Kafinsoli

A Kafinsoli ta Ƙaramar Hukumar Kankiya da ƙauyukan Kusada, sayar da nono sana'ar matan Fulani ce, waɗanda ke ɗauko kindirmo, wato nonon da ya kwana ba a cire masa mai ba, daga ruga cikin ƙwarya rufe da faifai. Matashin da zai wakilce su, musamman ɗan makiyaya mai ilimin boko, aikinsa kai kukansu gaban ardo da malaman dabbobi kan cinye burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, da tsadar dusa da rani. Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 ya ƙara masa nauyi, domin hukuma takarda take saurare, ba ƙorafin bakin kasuwa ba.