Alamun Jiki da Ciwon Taɓin Hankali: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

An rubuta wannan takarda domin Hakiman ƙasar Daura da malaman da ke riƙe musu littattafai, gama su ne a kan fara kai wa ƙara idan wani ya sami taɓuwa a ƙauye. Sau da yawa a gaban Hakimi za a ji wani dattijo ya ce, "Ai tun yana yaro an ga alama, a dubi kunnensa, a dubi idonsa." To, ya kamata a san iyakar gaskiyar da ke cikin wannan magana, don kada a zalunci kowa da ita.

Ciwon da muke nufi shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya, sunan da wani likitan Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa masa cikin 1908. Mai shi yakan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ya riƙa zaton ana ƙulla masa makirci, zancensa ya warwatse, ya janye daga mutane, har wanka ya gagare shi. Yawanci yakan bayyana ne tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara talatin, maza kuwa sukan riga mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2022 cewa wajen mutum 1 cikin 300 ke ɗauke da shi. Dabam yake da farfaɗiya, dabam yake kuma da sambatun mai zazzaɓi ko mai sanƙarau.

Zancen gane shi ta ƙirar jiki tsoho ne, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Cikin 1921 wani likitan Jamus, Ernst Kretschmer, ya ce sirara masu ƙuntataccen ƙirji su ne suka fi kamuwa da shi. Bincike bai tabbatar da maganarsa ba, aka yar da ita. Da gaskiya ce, lalle da rabin makiyayan Baure da Zango sun shiga uku.

Abin da ya tabbata ya fi wannan ƙanƙanta. Sa'ad da ɗa ke cikin mahaifa, ƙwaƙwalwarsa da fatarsa daga tushe guda suke tsirowa, fuska da baki da kunne kuma suna ƙeruwa ne cikin watannin farko, daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke kafuwa. Saboda haka in wani abu ya dami cikin a wannan lokaci, yana iya barin ɗan tabo a waje, ya bar wani a ciki. Tabon waje shi ne irin su ganɗa mai zurfi ƙwarai, kunnuwan da suka sauka ƙasa ko ba su daidaita ba, harshe mai tsage-tsage, ƙaramin yatsa a lanƙwashe, zane guda da ya ratsa tafin hannu, da rata mai faɗi tsakanin babban yatsan ƙafa da mabiyinsa. Cikin 1968 wata Ba'amurkiya, Mary Waldrop, da abokan aikinta suka tsara ma'aunin ƙidaya su. Idan aka auna taron marasa lafiya da taron masu lafiya, a kan sami waɗannan alamu sun fi yawa ga marasa lafiyar.

Amma a lura, wannan lissafin taro ne, ba ya yanke hukunci kan mutum ɗaya. Masu lafiya da yawa suna da alama ɗaya ko biyu har su tsufa ba abin da ya same su, marasa lafiya da yawa kuwa ba su da ko ɗaya. Ba likitan da ke gane ciwon nan ta duban kunne.

Labarin ƙasar Sin yana da amfani gare mu ta hanya biyu. Ta farko, cikin ma'aunin Waldrop an lissafta ninkin fatar da ke rufe kusurwar ido ta wajen hanci. Ga Bature abin a lura ne, amma ga Sinawa halittar yawancinsu ke nan. Watau ma'aunin da aka yanka a jikin wata al'umma ba ya shiga wata sai an gyara shi, balle a ɗauko shi a ɗora wa Bahaushe ko Bafillace. Ta biyu ta fi nauyi. Daga 1959 zuwa 1961 an yi babbar yunwa a Sin. Wani bincike da aka buga cikin 2005 ya bi littattafan asibitin yankin Wuhu na lardin Anhui, ya tarar waɗanda aka haifa cikin tsananin yunwar haɗarin kamuwarsu ya kai wajen ninki biyu na sauran. An riga an ga haka ga 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945. Mu da kakanninmu suka ga Kakalaba ta 1914, iyayenmu suka ga farin 1973, ba ma bukatar a faɗa mana mece ce yunwa. Abin da ya shafi Hakimi a nan shi ne, shekarar da damina ta yi gardama, a sa masu ciki a gaba wajen rabon hatsi, a kuma matsa wa mazajensu su bar su zuwa awo.

Gado yana da nasa rabo. Idan ɗaya daga cikin iyaye na da ciwon, wajen ɗa 1 cikin 10 ke samunsa, watau 9 sukan tsira. Wannan ya isa amsa ga masu fasa aure don an ce akwai taɓuwa a dangi. Shan wiwi tun da ƙuruciya shi ma yana ƙara haɗari.

Akwai kuma alamun jiki da magani ke kawowa, irin su rawar hannu, sandarewar wuya, dalalar miyau da ƙiba. Tun 1952 da aka fara aiki da maganin kulofuromazin a Faransa aka san wasunsu. Jahili yakan ce hauka ya ƙaru, sai a daina ba da magani, ciwo ya komo. Abin yi shi ne a mai da shi ga likita ya daidaita masa.

Batun mari da turu kuwa, ba wanda ya manta Oktoban 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fid da mutum fiye da 60 daga wani gidan horo cikin garin Daura, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ta kau. Cikin Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mai ciwon haƙƙin magani da kiyaye mutunci.

Saboda haka idan Dagaci ya kawo rahoto, kada malamin Hakimi ya ɓata tawada kan siffar kunne ko ido. Ya rubuta shekarun mutumin, da watan da halinsa ya sake, da abin da yake faɗi da aikatawa, ko yana barci, ko yana shan wani abu, ko akwai zazzaɓi. In akwai zazzaɓi, a kai shi asibiti ran nan. In babu, a haɗa shi da ɗan'uwan da ya yarda da shi, a ba su takardar zuwa Babban Asibitin Daura, inda likita zai duba ko ya kamata a wuce da shi Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.